Lasifikar da na ɗauka a kafaɗa a Liyon

Mutanen Marwa, ina gaisuwa, da fatan an ga bayan zafin bana lafiya. Shekara huɗu ke nan ina aikin dako a birnin Liyon na Faransa, a kamfanin da ke kwashe wa mutane kaya in za su sake gida. Na ɗauki firji, na ɗauki fiyano, na ɗauki gadon da sai an kwance shi gunduwa-gunduwa kafin ya bi matakala. Duk na manta da su. Abin da na ɗauka wata Talata cikin sanyin da ya wuce shi ne ya ƙi barin raina, shi ya sa na zauna rubuta muku.

Mu huɗu aka aika wani shagon kayan sauti, mu sauke akwatunan katako biyu, kowanne ya kai ƙofar zaure. Da aka kwance kusoshin sai ga lasifika, abin da muke ce wa bafal a gida. Amma wallahi sunan kawai suka haɗa. Tsayinta wajen mita 2, nauyin guda ɗaya ya haura kilo 250, baƙa wuluk tana sheƙi har na ga gumin goshina a jikinta. Kuma ba akwati ɗaya ba ce miƙe sambal. Gida-gida aka ɗora ta, na sama ya ɗan sunkuyo gaba kamar dattijon da ya duƙa zai yi maka magana a kunne. Sunanta Grande Utopia, aikin kamfanin Focal da ke Saint-Étienne, garin da bai kai tafiyar awa guda ba daga inda nake. Tun 1979 suke wannan sana'a.

A tsakiyarta akwai wani ɗan ƙaramin abu mai kamar azurfa, bai wuce kwabo ba, ya lotsa ciki. Kyansa ne ya ja ni, na miƙa yatsa. Sai na ji tsawa daga bayana: "Musye, kar ka taɓa!" Abokan aikina duk suka waiwayo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A raina na gama yanke hukunci cewa fatata da rigar aikina ta gani, don ba yau na fara shan irin wannan a garin nan ba. Na sa hannu a aljihu, na koma bakin ƙofa na tsaya.

Matar da ta yi tsawar, wadda za ta yi sa'ar innata, ta biyo ni har wurin. Ta ce in yi haƙuri da ɗaga muryar, tsoro ne ya kama ta. Ɗan abin nan shi ke fitar da siririyar murya, da wani ƙarfe ake yin sa mai suna beriliyom, ya fi alminiyom rashin nauyi kuma ya fi shi tauri, amma an shimfiɗe shi siriri ƙwarai, yatsa ɗaya ya isa ya lalata shi, in ya fashe kuma ƙurarsa tana cutar da huhu. Ta ce ita da ke sayar da shi ma ba ta taɓa sa masa hannu ba. Sannan ta ce in dawo ranar Asabar in saurara. Na gaya mata gaskiya, ko wayar da ake jona ta da ita ba zan iya saya ba. Kuɗin guda biyun ya wuce Yuro dubu 100, ku lissafa da kanku, Yuro ɗaya sefa 656 ne, an haura miliyan 65 ke nan. Ta ce saurare ba a biyan kuɗinsa.

Na koma. Ta zaunar da ni a kujera ɗaya tilo da ke tsakiyar ɗaki, lasifika ɗaya a dama ɗaya a hagu, nisana da kowacce daidai da nisan da ke tsakaninsu. Ta kawo kofi, ta tambaye ni me nake so in ji. Akwai wani tsohon ɗauka a wayata, ƙanena ya yi shi a zauren gidanmu, wani makaɗin goge da ke zuwa wurin Baba bayan la'asar. Sau ɗari na ji shi a waya. Ranar ne na fara jin sa. Na ji gashin doki yana gogar ɗan'uwansa kafin sautin ya tashi, na ji numfashin tsohon, na ji tarin Baba daga gefen hagu, can ciki kuma taɓarya tana sauka a turmi. Na rufe ido sai ga ni ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gida, iskar yamma tana tasowa daga yashin kogin Mayo Kaliyawo. Hawaye suka zubo mini. Matar ta fita ta ja ƙofa, ba ta dawo ba sai da kiɗan ya ƙare.

Da ta dawo na sa mata bidiyon bikin ƙanwata, ina son ta ji kalangu. Nan kunya ta biyu ta same ni, kuma ta fi ta farko zafi. Babu kalangu, babu muryar mawaƙi, sai ƙarar gwangwani da kuwwar makirfo, don mai kayan sautin ya murɗe komai har ƙarshe. Lasifika mai kyau ba ta rufa wa ɗauka asiri, abin da aka zuba mata shi take fitarwa. Matar ta rage sautin a hankali, ba ta ce komai ba.

'Yan uwa, me ya haɗa mu da ƙara haka? Biki ƙara, shagon cajin waya ƙara, mai tallan magani ƙara, hatta masallatan unguwa wani lokaci sai ka rasa gane ayar da liman ke karantawa saboda an ƙure lasifikar tana rawa. Mai saye a kasuwa tambayarsa ɗaya, wacce ta fi tashi. Sai a nuna masa mai fitilu ja da kore suna walƙiya, an rubuta mata lambobin wat na ƙarya a goshi, robar jikinta tana tsagewa kafin babbar salla. In ka mayar a ce kaya in ya fita ba ya komawa. A wannan shagon kuwa na ga an ba wani mutum ƙananan lasifiku ya je gida ya gwada su kwanaki, in ɗakinsa bai karɓe su ba ya dawo da su.

Na tambaye ta ko duk wannan lanƙwasa da sheƙi ado ne kawai na masu kuɗi. Ta ce wani ado ne, ba ta ɓoye ba, amma yawancin siffar aiki take yi. Lasifika tana tura sauti gaba, tana kuma tura shi baya cikin akwatinta. In bangon akwatin biyu suna fuskantar juna, sautin sai ya yi ta kai da komo a tsakaninsu yana gurɓata na waje. Kaifin kusurwa ma yana karya sauti. Shi ya sa ake lanƙwasa jiki, ake kauraro katako don kada ya yi rawa. Sunkuyawar Grande Utopia kuwa don muryoyin sama da na ƙasa su isa kunnen mai zaune a tare ne. Ta buɗe mini wani littafin hotuna ta nuna mini Nautilus, ta kamfanin Bowers & Wilkins na Ingila, da ta fito a 1993. Kamar katantanwa take sak, da dogayen ƙahoni uku a baya suna sirancewa. A cikin waɗannan bututun ne sautin baya ke tafiya yana raguwa har ya mutu. Ta nuna mini ta kamfanin Cabasse na yankin Brest, ita kuma dunƙule take kamar ƙwallo. Nan take ƙwaryar goge ta faɗo mini a rai, da ƙugun kalangu. Su ma ba su da kusurwa huɗu.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce ta Italiya, Sonus faber, kamfanin da Franco Serblin ya kafa a 1983 a yankin Vicenza. Bayanta a lanƙwashe yake irin na molon Turawan da, katakon an jera shi tsiri-tsiri an goge, gabanta kuma fata ce aka lulluɓe. Wannan ta bar ni na taɓa. Na bi bakin fatar da yatsa ina neman inda gam ya fito ko inda wuƙa ta kauce, ban samu ba. Na leƙa bayanta, wurin da zai fuskanci bango har abada, shi ma an gama shi kamar gaba.

Fata fa! Mu 'yan Marwa za a nuna wa fata? Majemanmu da dukawanmu sun yi suna har Turawa masu yawon buɗe ido na cika jaka da aikinsu. Katako kuma duk wanda ya taɓa hawa jirgin ƙasa daga Ngaundare zuwa Yawunde ya ga gungumen da aka tara a Belabo suna jiran tafiya Duwala. Baƙin katakon Kamaru har a jikin gitar Amurka ake sa shi. Muna da kayan, muna da hannun. Amma ku duba kabad ɗin da kafinta ya kawo gidanku, ku leƙa bayansa. Kan kusa a waje, fenti ya zuba a madubi, ƙofa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ka yi magana ya ce ai haka nan ma ya yi. Mu masu saye ma da laifinmu, muna taya aikin mako uku da kuɗin kwana biyu, sannan mu yi mamakin abin da aka kawo mana.

Ba cewa nake wani ya tara kuɗi ya sayi irin wannan ba. Ƙurar hunturu da zafin watan Afrilu da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa za su gama da ita cikin shekara. Kuma nan ɗin ma ba aljanna ba ce. Mutum ya sayi lasifikar miliyoyi ya zauna shi kaɗai a kujera ɗaya, da ƙarfe 10 na dare ta yi maƙwabci ya fara buga bango. Ni a ɗakina ko karatun Alƙur'ani sai da abin sa wa kunne nake ji. Akwai daren da shirun garin nan ke danne mini ƙirji har in yi kewar hayaniyar unguwar Domayo da nake kuka da ita.

Na tura wa ɗan kawuna kafinta hotunan ta Italiyan nan, gaba da baya da gefe, na kuma saya masa ƙananan kawunan lasifika guda huɗu masu sauƙin kuɗi, suna cikin jakar wani ɗan garinmu da zai sauka Injamena wata mai zuwa. Na ce ya nemi busasshen katako, ya lanƙwasa bayan, ya kai wa baduku ya rufe gaban da jar fatar akuya, kada ya sa fitila ko ɗaya. Ya ce aikin zai ci masa wata guda. Na ce ya ci biyu, ni zan biya. In ta kammala a zauren Baba za a ajiye ta.