Constitute: Shafin Kwatanta Kundin Tsarin Mulkin Ƙasashe

Duk kwamitin da aka ɗora wa aikin rubuta kundin tsarin mulki ko yi masa gyaran fuska zai amfana da shafin intanet na Constitute, wanda aka buɗe a 2013, kyauta kuma.

Babban amfaninsa shi ne jera kundi biyu kafaɗa da kafaɗa a kan batu ɗaya. Zaɓi batun gyara, ka ɗauko Najeriya da Ghana. Nan take za ka ga sashe na 9 na kundin Najeriya na 1999 yana neman kashi biyu bisa uku na Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36, alhali sashe na 290 na Ghana ya wajabta zaɓen raba gardama kan manyan sassa: kashi 40 na masu zaɓe su fito, kashi 75 cikinsu su amince.

Sai dai a kula da shekarar da ke jikin kwafi. Kwafin da ya tsaya kafin 2023 ba ya ɗauke da gyaran da ya ba jihohin Najeriya hurumin lantarki da jiragen ƙasa. Babu fassarar kotuna a cikin shafin, kuma abin takaici, babu Hausa.