Telan da na kai wa ɗinkin sallah: hannu kam akwai, amma komai sai oga

Tun bayan ƙaramar sallar 2025 nake son rubuta wannan, abubuwa suka sha kaina, sai yanzu da wani abokina ya tambaye ni ko ya kai wa telan nan shaddarsa. Ba zan kama suna ba, shago ne dai a layukan bayan titin gidan zoo a Kano, kekuna shida, yara biyar sai shi oga, da injin monogiram ɗaya a ɗakin ciki.

Azumi ya kama 1 ga Maris, ni kuwa saura kwana huɗu a ɗauka na kai kayana don kar a ce min na makara. Gezna yadi goma na siyo a Kantin Kwari, babbar riga da 'yar ciki da wando, sai wani yadi mai sauƙin kuɗi na yarana maza su biyu.

Gaskiya wajen awo ban taɓa ganin irinsa ba. Da kansa ya tashi, ya sa tef a kafaɗata ya ce in saki jiki in daina ƙamewa kamar soja, ya lura kafaɗata ta dama ta ɗan fi sauka, har ya tambaye ni wane aljihu nake sa waya. Almakashinsa a naɗe yake cikin wani ƙyalle, ba mai taɓawa. Na ce masa Malam duk yaran nan ba wanda zai yanka ne? Sai ya yi dariya ya ce, Alhaji duk abin da za a iya farkewa a sake na yara ne, amma almakashi in ya wuce ya wuce. Wallahi maganar ta shige ni, don geznar nan daga Ostiriya ake kawo ta, in aka ɓata maka yadi ɗaya ba lallai ka koma Kwari ka sami kalar da zanen ba, ko ka samu ma wa zai biya.

Kuma ta wannan ɓangaren ya iya rabon aiki, ba zan ci haƙƙinsa ba. Akwai yaron da wando kawai yake haɗawa, wani wuya da aljihu, ƙaramin cikinsu shi ne guga da maɓalli da kai kaya wurin masu bugu. Aikin hannu ma ba ya cewa ya iya, wani dattijo yake aika wa a cikin gari. Rigata da ta fito, aska biyun nan ta zauna ɗas, kafaɗar da ya lura da ita ba ka ce akwai bambanci ba.

To matsalar fa ita ce abubuwan da ya riƙe waɗanda ba almakashi ba ne. Wayar shago tana aljihunsa. Littafin awo yana cikin durowa a kulle, makulli na wurinsa. In ka yi taransifa alat wayarsa yake shiga, yara ba su da ikon ba ka kayanka ko da ka nuna musu rasit. Ran goma sha takwas ga azumi na biya da la'asar in ga inda aka kwana, na tarar da kekuna huɗu a tsaye janareta na ta shan mai a banza, yara na kallon waya, wai oga ya tafi ta'aziyya tun hantsi kuma abin da ya yanka jiya ya ƙare. Na tambayi babban yaron ina kayan yarana, ya nuna min tulin da ke jiran yanka, ga ledata can ƙasa ko buɗe ta ba a yi ba. Yaron nan shekararsa bakwai a shagon, har ya yi aure, amma wai ko yadin yara ba a ba shi ya yanka.

Nan ne na ga dokar tasa ta yi masa yawa. Yadin yara fa, in ma an ɓata nawa ne, ai irin wannan ake ba mutum ya gwada hannu a watan Rajab ko Sha'aban lokacin da shago ba cunkoso, kana tsaye kana kallo kana gyara masa allin. Na san abin da yake tsoro, wani ya taɓa ɓata masa shaddar kwastoma ya biya daga aljihunsa, kuma kowa ya san yaro in ya iya yanka gobe sai ka ji ya kama shago a layin gaba ya ja maka mutane. Amma ai shi ma haka ya baro nasa maigidan.

Sai ga azumi ya yi 29. Ranar Asabar da dare aka sanar an ga wata, sallah Lahadi 30 ga Maris, shi kuwa duk lissafinsa a kan talatin ya ɗora. In ka ga shagon nan bayan isha'i kamar tasha, mutane a kan benci, wasu a kan babura, wata mata ta turo ɗanta karo na uku, waya na ta kuka a aljihunsa ba damar ɗauka don hannunsa na kan yanka. Wajen sha ɗaya na dare, idonsa ya yi jajir, sai kawai ya miƙa wa babban yaron almakashi ya ce ungo, yi na yaran Alhaji. Abin da ya hana shi shekara bakwai ya ba shi a daren da ba wanda ke da lokacin duba shi. Yaron ya shimfiɗa yadi ya ja alli ya yanka, hannu ko rawa bai yi ba, kuma kayan sun zauna wa yarana lafiya ƙalau. Illa dai ƙarfe biyu na dare na karɓa, wando ɗaya ba a sa masa roba ba, uwargida ce ta zura da fil bayan asuba tana ta min ciwon baki.

Kuɗinsa ba arha, amma bai fi ƙarfin aikin ba, kuma ba ya cin yadi, ragowar geznata a ninke ya dawo min da ita. Abokina na ce masa ya kai shaddar, amma wata biyu kafin lokacin da yake so, ya kuma karɓi lambar babban yaron don shi ne zai faɗa maka gaskiyar inda kayanka suke. Ɗinkin gaggawa kuwa kar ma ya soma.

Da na koma kafin babbar sallah na ga an siyo almakashi na biyu, yaron na yanka na yara da yadi mai sauƙi. Makullin durowar dai har yanzu yana maƙale da na mashin ɗin oga.