Kwana a tsohon gidan ma'aikatan daimon a Akwatia: iska ta wadata, ruwa sai da shiri

Da wuya a yi hirar zamanin da a majalisar dattawan Nima ko Sabon Zango, unguwannin Accra, ba a ambaci Akwatia ba. Garin daimon ne a Jihar Gabas ta ƙasar Ghana, inda kamfanin CAST na Turawan Ingila ya fara haƙa a shekarun 1920, daga baya aikin ya koma hannun Ghana Consolidated Diamonds, har ya tsaya a 2007. Tun daga nan samari suke ta barin garin, wasu Accra, wasu ramukan galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba. Masaukin da ake magana a kansa ɗaya ne daga gidajen da aka gina wa manyan ma'aikata a wancan zamani, yanzu ana ba da hayar ɗakunansa.

Daga Accra ana bin Nsawam, Adeiso, Asamankese, sannan Akwatia. A ware wa tafiyar awa uku zuwa huɗu, a kuma fita bayan asuba, don cunkoson fita gari kaɗai yana iya cinye awa guda.

Ginin shi ne abin da ake biya wa kuɗi. An ɗaga daɓensa daga ƙasa saboda laima da gara, silin ɗin yana da nisa, baranda ta zagaye shi, tagogi kuma suna fuskantar juna. Zafin kwano ba ya sauko wa mai kwana, kuma rana ba ta dukan bangon ɗaki kai tsaye. Ko wuta ta ɗauke da dare ana barci, abin da sabon otal mai ƙaramar taga ba zai iya ba sai da janareta. Sai dai a nemi ɗakin kusurwa mai taga biyu. Ɗakunan da aka raba da katako don ƙara yawansu sun rasa wannan iska, ga shi ana jin tarin maƙwabci.

Ruwa ne inda gidan ya gaza. Bututun ƙarfe ne na da, tsatsa ta cinye cikinsa ta rage masa faɗi, shi ya sa famfo ke zuwa a hankali, ruwan farko kuma ja. A bar shi ya zuba minti biyu kafin alwala. Tankin sama da injin lantarki ake cika shi, don haka rashin wuta na yini ɗaya yana nufin rashin ruwa washegari. Da an sauka a cika bokiti biyu a ajiye. Na sha kuwa a sayi jakar fiyawata mai leda 30, za ta ishi mutum biyu kwana uku. Kogin Birim ba abin dogaro ba ne, haƙar zinariya ta mai da shi kamar koko.

Wayoyin wuta ma sun tsufa. Soket ɗaya ko biyu ne a ɗaki, kuma in aka haɗa dutsen guga da tukunyar dafa ruwa lokaci guda, fis zai yanke. Sauro kuma ba na wasa ba ne, saboda tsofaffin ramukan haƙa da ruwa ke kwanciya a ciki, musamman daga Afrilu zuwa Yuli. Ragar tagogin ta yayyage a wurare, a zo da gidan sauro da igiyar mita huɗu ko biyar, don silin ya yi nisa da a rataya a jikinsa. Kada a bar yara su yi yawo bayan gida, ciyawa tana rufe bakin rami. In zazzaɓi ya taso, asibitin St. Dominic yana cikin garin.

Mai zuwa da niyyar taimakon garin ya sani cewa kuɗin ɗaki kaɗan ne daga cikinsa ke zagayawa: albashin mai gadi, mai shara, mai wanki. Sauran yana ga inda aka ci abinci. Kada a cika mota da kayan ci daga Accra. Koko da ƙosai da safe, wake da shinkafa da rana, tuwon zafi da dare, duk akwai su a zango, kuma can masallatai suke. A riƙe ƙananan kuɗi a hannu, ba kowace mai abinci ke karɓar MoMo, wato kuɗi ta waya, ba. Mai son ganin inda ake wanke tsakuwa da rariya don neman daimon ya ɗauki ɗan gari ya yi masa jagora, a yi ciniki tun kafin a tashi, a kuma nemi izini kafin ɗaukar hoto.

Za a kawo maka duwatsu a ƙunshin takarda. Kada ka saya. Yawancin daimon ɗin Akwatia ƙanana ne, na aikin masana'antu, cinikinsa yana buƙatar lasisi, fitar da shi waje kuma sai da takardar Kimberley, shaidar halaccin daimon.

Ga iyali ko ɗalibai, kwana biyu a lokacin rani ya yi daidai. Mai tsoho ko marar lafiya da ke buƙatar ruwan zafi da wuta ba yankewa, gara ya kwana a garin Akim Oda da ke kusa ya shigo da rana.