Gidan hayar da aka sa a kasuwa don jinyar mai shi: wace hanya za ka bi?

A Garwa da Marwa da Ngaundare, a arewacin Kamaru, akwai wani irin gida da ke faɗowa hannun dillalai da gaggawa. Gidan haya ne da mutane a ciki, mai shi kuma dattijo ne da ya kwanta: shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon ƙoda, ko tsufa da ya kai sai an kwantar an tayar. Mu ba mu saba kai iyaye gidan kula da tsofaffi ba kamar yadda ake yi a Faransa, a gida muke jinya. Amma jinyar gida ma tana cin kuɗi ba kaɗan ba. Ga magani, ga mai kwana da shi, ga tafiya Yawunde ganin babban likita. Idan kuɗin haya ya kasa ɗaukar nauyin, sai iyali su ce a sayar.

Sayen irin wannan gida ba abin kunya ba ne, sau da yawa ma ceto ne. Abin da nake so mai saye ya gane shi ne, hanyar da ta fi kare kuɗinsa ita ce kuma ta fi yi wa dattijon adalci.

Kafin maganar farashi, tambayi wanda zai sa hannu. Yawanci ɗa ne ko ƙane zai zo maka ya ce, "Baba ne ya ce a sayar." Ka ce masa, "Madalla, mu je in gaishe da Alhaji." Je ka zauna da shi, ka ji daga bakinsa, a gaban shaidu. Idan yana cikin hayyacinsa, shi zai sa hannu, ko ya ba da takardar wakilci a gaban noter (jami'in da doka ta ba ikon rubuta takardun ciniki da tabbatar da su), wadda ta ambaci wannan gidan da sayar da shi ƙarara. Idan kuwa ciwo ya taɓa hankalinsa, ba ya gane mutane, to babu ɗan da zai wakilce shi da fatar baki. Sai kotu ta naɗa mai kula da dukiyarsa. Haka nan idan mai gidan yana can Faransa a gidan tsofaffi ƙarƙashin kulawar kotu, alƙalin can ne ke ba da izinin sayar da gidansa, saƙon murya ta WhatsApp ba ya wadatarwa. Wakilci kuma yana faɗuwa da rasuwar wanda ya bayar. Daga ranar gida ya zama na magada, kuma kowannensu yana da baki.

Hanya ta farko, saye kai tsaye. Ita na fi yarda da ita, muddin gidan yana da titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, da sunan dattijon. Dokar filaye ta Kamaru ta 6 ga Yuli 1974 ta ce cinikin fili ko gida mai rajista sai a gaban noter, in ba haka ba ciniki bai ƙullu ba, kuma ta soke sayar da filin da ba a yi wa rajista da sunan mai sayarwa ba. Takardar da aka rubuta a zauren jauro ko lawan, da hatimi da shaidu, tana da daraja a unguwa, amma ba za ta mayar da titir zuwa sunanka ba. Gidaje da yawa a tsofaffin unguwanni irin su Fulɓere da Hausare gado ne tun kakanni, don haka kada ka ɗauka akwai titir sai ka gani da idonka. In akwai, ɗauki lambarsa ka je ofishin ajiyar rajistar filaye na ma'aikatar filaye, ka nemi sabuwar takardar shaidar mallaka. A nan za ka ga ko an jinginar da gidan a banki, ko wani ya shigar da ƙorafi a kansa. Mutumin da ya daɗe yana jinya ya kan riga ya ci bashi, kuma iyalinsa ba lalle su sani ba. Ka sa mai awon filaye ya duba duwatsun iyaka. Ka kuma ce wa noter ya rubuta maka kuɗin rajista da ladarsa tun kafin ka yi tayi, domin ba ƙaramin abu ba ne a kan farashin.

A nan ne gwajin mutum yake. Dillali zai raɗa maka cewa sun matsu, ko nawa ka taya za su sallama. Kada ka bi wannan. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, mai ciwon ajali yana iya sayar da kayansa a kan farashin kasuwa, amma rangwamen da ya wuce kima ana lissafa shi kamar kyauta, kyautar mai wannan hali kuwa ba ta wuce sulusin dukiya sai da yardar magada. Ma'ana, arahar da ka yi murna da ita yau ita ce za ta kai ka gaban alƙali bayan sadakar arba'in. Nemi mutum biyu ko uku da suka san farashin unguwar, a tsayar da kuɗi na gaskiya, a rubuta. Idan kuma gidan na tarayya ne, dattijon da 'yan'uwansa ba su raba ba, ka tuna suna da haƙƙin shuf'a, wato sun fi ka cancantar sayen rabonsa. A tambaye su tun farko.

Hanya ta biyu, sayen ɓangare. Iyalai da yawa ba sa tunaninta, alhali sau da yawa ita ta fi dacewa da su. Gida mai shaguna a bakin titi da ɗakuna a ciki, ana iya yanke shagunan a sayar maka, a fitar musu da titir nasu daban, iyali su riƙe sauran. Kuɗin da za ka fitar ya ragu, dattijo ya samu na jinya, kuma hayar ɗakunan ciki ta ci gaba da shigo masa. Wahalarta ita ce lokaci, domin awo da yankan titir ba sa ƙarewa a mako guda. Sannan a rubuta maganar ƙofa, da banɗaki, da mitar wuta da ta ruwa, da inda ruwan sama zai bi. A kan waɗannan maƙwabta ke ɓatawa.

Hanya ta uku, jingina: ka ba su kuɗi, ka riƙa karɓar haya har su biya ka. Mutane suna son ta saboda sauri, ni kuwa ba na ba kowa shawararta. Malamai sun yi magana a kan bashin da ke jawo wa mai bayarwa amfani, riba ce. Ta fuskar doka kuma ba ka mallaki komai ba. In ka ga dama ka ranta musu don Allah, da takarda da shaidu. In haya kake so, ka kama hayar gidan gaba ɗaya na shekara biyu ko uku, ka biya a gaba, kai kuma ka saka 'yan haya da izinin mai gida a rubuce.

Ta huɗu ita ce wadda wasu suka gano a Faransa: ka karɓi gida, kana biyan mai shi wani abu duk wata, ko kana ɗaukar nauyin jinyarsa, har ƙarshen ransa. Malaman Malikiyya sun lissafa sayar da abu a kan a ciyar da mai shi muddin ransa cikin cinikin da bai inganta ba, domin ba wanda ya san adadin kuɗin. Dokar farar hula ta Faransa ita ma tana soke yarjejeniyar idan mutumin ya rasu cikin kwana 20 da ciwon da yake ɗauke da shi. Ni abin da ya fi damuna shi ne halin da take sa mai saye, ribarsa ta rataya a kan gajartar kwanan wani. Idan dattijo yana son ya ci gaba da zama a ɗakinsa, a saya da tsayayyen farashi, a keɓe masa zama na sanannen lokaci, kamar shekara guda, a rubuta.

Duk hanyar da ka zaɓa, 'yan hayar da ke ciki suna nan. Masu shaguna dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Kamaru da wasu ƙasashen Afirka ke bi tare, tana kare su: sayar da gida ba ya kashe hayarsu, sabon mai gida yana gadar alkawarin tsohon. Zauna da kowane ɗan haya ka ga rasit ɗinsa. Iyalin da ke jinya sukan karɓi hayar wata shida ko shekara a gaba, da kuɗin ajiya, duk sun tafi a magani. A cire wannan daga farashi. A duba bashin wuta da ruwa da harajin gida.

Sai lissafi. A ce ɗaki 8 ne, kowane sefa 15,000 a wata, wato 1,440,000 a shekara idan duk sun cika kuma kowa ya biya, abin da ba ya faruwa. Cire na ɗakin da zai zauna ba kowa, da gyaran kwano, da yashe masai, sannan ka auna da farashin. Gidan da ke kusa da jami'a, kamar a Dang ta Ngaundare, yana cika da ɗalibai amma yana yin fayau lokacin hutu. A Garwa kuma ka je ganin gida da damina, ko ka tambayi maƙwabta inda ruwa ya kai a ambaliyar Binuwai ta 2012. Gidan da mai shi ya daɗe a kwance ya daɗe ba a gyara shi ba, don haka tafi da magini.

Ranar biya, kada ka miƙa kuɗi a jaka ga wanda ya kawo maka maganar. A biya ta hannun noter ko asusun dattijon na banki. Idan asibiti na jiran kuɗi kafin takardu su kammala, ba da kafin alƙalami a gaban noter, da rasit, da sanin matan gidan da sauran 'ya'ya, har da mata da ke gidajen aurensu.