Sharhi kan faifan waƙoƙin Hildegard ta Bingen na kamfanin Hyperion

Faifan da kamfanin Hyperion na Landan ya fitar a shekarar 1982 da sunan A Feather on the Breath of God waƙoƙi takwas ne kacal a cikinsa, tsawonsa bai kai minti 45 ba, kuma da Latinanci aka rera su duka. Wadda ta rubuta baitocin ta kuma ɗora musu murya ita ce Hildegard ta Bingen, 'yar zuhudu a ƙasar Jamus, wadda aka haifa a 1098 ta rasu ranar 17 ga Satumba, 1179. Ƙungiyar mawaƙa ta Gothic Voices ce ta rera su a ƙarƙashin jagorancin Christopher Page, tare da Emma Kirkby a matsayin babbar murya, kuma a cocin St Jude da ke unguwar Hampstead aka naɗi sautin cikin watan Satumba na 1981. Faifan ya ci lambar yabo ta mujallar Gramophone, ya yi kasuwar da ba a saba ganin waƙoƙin tsohon zamani sun yi ba, har ya zama ta hanyarsa ne mutane da yawa suka fara jin sunan wannan mata. A ganina ya cancanci wannan suna da ya yi, amma da sharaɗi guda: mai saurare ya ɗauke shi a matsayin diwanin waƙa da aka sa wa murya, ya riƙe takardar baitocin a hannu yana bi ɗango bayan ɗango. Wanda ya kunna shi don ya huce gajiya kawai zai ji daɗin muryoyin, sai dai rabin abin da ya saya ya wuce shi.

Dalilin wannan sharaɗi yana cikin rayuwar da ta haifi waƙoƙin. A ranar 1 ga Nuwamba, 1112, Hildegard tana da shekara 14 aka shigar da ita halwa tare da Jutta ta Sponheim a gefen gidan sufaye maza na Disibodenberg, kuma a can ta zauna kusan shekara arba'in. Gidan yana bin ƙa'idar Waliyyi Benedict, wadda ta raba yini zuwa lokutan addu'a bakwai da rana da ɗaya cikin dare, ta kuma tsara a rera Zabura 150 gaba ɗaya a kowane mako. Saboda haka matar da ta yi waɗannan waƙoƙi ta koyi Latinanci ne ta kunne da baki, daga maimaita Zabura da karatun Littafi Mai Tsarki, kuma ita da kanta takan ce ba ta yi karatun malamai ba. Ana jin wannan a baitocinta. Babu amsa-amo, babu kari irin na mawaƙan Latinanci na zamaninta, ɗangaye suna tsawo suna gajarta yadda suka ga dama, kuma hotuna suna hawa kan juna ba tare da an ba mai saurare hutu ba.

Waƙar farko a faifan, Columba aspexit, ita ce ta fi nuna abin da nake nufi. Yabo ce ga Waliyyi Maximin, bishop na birnin Trier a ƙarni na 4, amma ba da shi ta buɗe ba: da kurciya ta buɗe, kurciyar da ke leƙe ta tsakanin sandunan taga, tana kallon wurin da ƙanshin man turare ke tsatsafowa daga jikin waliyyin. Hoton leƙe ta taga daga Waƙar Waƙoƙi ta cikin Littafi Mai Tsarki ta samo shi, amma da wuya mutum ya ji shi daga bakin macen da ta girma a bayan bango bai tuna cewa ita ma ta taga take ganin duniya ba. Daga nan baitocin suka zama hasumiya ta itacen al'ul na Lebanon da aka yi wa ado da duwatsu masu daraja, suka zama barewa mai gudu zuwa maɓuɓɓugar ruwa, suka zama masu haɗa turare a lambunan Sarki. Kirkby tana ɗaukar wannan da murya siririya, tsaftatacciya, marar karkarwa, tana furta kowace gaɓa a fili, a ƙarƙashinta kuma akwai sauti guda mai dogon ja wanda ba ya hawa ba ya sauka. Amfanin wannan sauti shi ne yana ba kunne ma'auni, ta yadda idan muryar ta yi tsalle sama sai ka ji nisan da ta yi daga ƙasa. Waƙoƙin Hildegard kuwa suna yawan irin wannan tsalle, suna kaiwa can ƙoli suna gangarowa fiye da yadda aka saba a rera addu'o'in coci na lokacin.

Wanda ya zo yana tsammanin jin kukan matan da aka kulle zai yi mamaki, domin babu ƙorafi a faifan nan ko kaɗan. Jigon da ya fi yawa shi ne gini, da tsiro, da ƙanshi. A waƙar O viridissima virga an siffanta Budurwa Maryamu da reshe kore shar wanda ya yi fure har busassun itatuwan ƙanshi suka farfaɗo, sammai suka zubo raɓa a kan ciyawa, ƙasa ta ba da alkama, tsuntsaye suka yi sheƙa. A O Ierusalem, wadda ta fi sauran tsawo kuma ta fi buƙatar haƙuri, birnin sama ne ake ginawa da rayayyun duwatsu, tagoginsa da ado na duwatsu masu walƙiya, kuma wanda ake yabo a ciki shi ne Waliyyi Rupert. Wannan suna yana da tarihi a bayansa. Wajen 1150 Hildegard ta kwashe matan da ke ƙarƙashinta, kimanin ashirin, ta bar Disibodenberg duk da adawar sufayen gidan, ta koma tudun Rupertsberg kusa da Bingen a bakin kogin Rayin, inda kabarin Rupert yake. Shekarun farko na talauci ne, wasu daga cikin matan suka gaji suka tafi, kuma sai da ta yi ta jayayya da tsohon gidan kan filayen da iyalan matan suka bayar kafin a daidaita a 1158. Idan mai saurare ya san haka, ganuwar da ake rerawa a waƙar takan zama ta zahiri a kunnensa, ta mutanen da suke gina wurin zamansu suna kuma rera waƙar ginin.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce ta ƙarshe, O Ecclesia, wadda ke ba da labarin Ursula da budurwai 11,000 da almarar coci ta ce an kashe a birnin Kolon. Hildegard ta sa Ursula ta furta cewa ta raina auren duniya domin tana begen ɗaurin aure na sama, sa'an nan ta sa jama'a suna yi mata dariya suna cewa yarinya ce marar wayo da ba ta san abin da take faɗa ba, har dariyar ta rikiɗe ta zama kisa. A nan ne waƙar ta fi kusantar yin magana kai tsaye a kan zaɓin da mazauna gidan suka yi ko aka yi musu, da kuma yadda na waje ke kallonsa. Mawaƙan sun yi hikima da ba su ƙara mata wani motsin rai na wasan kwaikwayo ba. Sun bar labarin ya tafi da kansa har zuwa hoton ƙarshe, inda budurwan suka zama lu'ulu'un da ya shaƙe maƙogwaron tsohon maciji, wato Shaiɗan.

Ave generosa, wadda Margaret Philpot ta rera ita kaɗai da murya mai kauri ba tare da wani kiɗa ba, hutu ce mai kyau bayan waƙar farko. O Euchari da O presul vere civitatis yabo ne ga Eucharius na Trier da Disibod, waliyyin tsohon gidanta, kuma ban ga sun kai sauran ƙarfi ba, ko da yake rerawar ba ta da aibu.

Akwai abubuwan da ya kamata mai saye ya sani don kada ya ɗauka abin da yake ji shi ne ainihin abin da aka ji a Rupertsberg. Na farko, alamomin da aka rubuta muryar da su a tsoffin littattafan suna nuna hawa da saukar sauti ne kawai, ba su faɗi tsawon lokacin da za a ja kowane sauti ba, don haka saurin waƙar da wuraren numfashi duk shawarar Page ce da mawaƙansa. Sautin nan mai dogon ja, wanda ake samarwa da abin busa da kuma wani abin kiɗa mai tsirkiya da ake juya masa hannu, shi ma ƙari ne daga gare su, babu shi a rubuce. Na biyu, an ba muryoyin maza wasu daga cikin waƙoƙin. Ana iya kare wannan, tun da Hildegard tana da alaƙa da gidajen sufaye maza a Trier da wasu wurare, kuma ɗaya daga cikin littattafai biyu da suka adana waƙoƙinta, wanda aka fi sani da sunan garin Dendermonde na Beljiyam, ga sufaye maza na Villers aka aika shi tun tana raye. Duk da haka, a faifan da waƙoƙi takwas ne kawai, ni da an tambaye ni da na bar wa mata fagen gaba ɗaya, domin a duk lokacin da mazan suka shigo sai na ji an fitar da ni daga gidan an kai ni wani coci daban.

Abu na uku ya fi waɗannan nauyi, kuma laifin ba na mawaƙan ba ne, iyakar abin da faifai zai iya ɗauka ke nan. Tsabtar muryoyin tana iya sa mutum ya zana gidan zuhudu a ransa a matsayin wuri mai sanyi da babu gardama a cikinsa, alhali wasiƙun zamanin sun nuna akasin haka. Tenxwind, shugabar wani gidan mata a Andernach, ta rubuta wa Hildegard tana tuhumarta cewa a ranakun idi matan Rupertsberg suna tsayawa rera Zabura da gashi a sake, da fararen mayafan siliki masu jan ƙasa, da kambi a ka da zobba a yatsu, kuma ba a karɓar kowa a gidan sai 'ya'yan manya. Hildegard ba ta musanta ba, kare kanta ta yi, har ta ce ba a haɗa dabbobi iri-iri a garke ɗaya. Haka kuma a 1178, tana da shekara 80, limaman Mainz suka hana gidanta rera addu'o'i saboda ta ƙi tone gawar wani mutum da aka binne a maƙabartarsu, wanda suka ce coci ta kore shi, ita kuma ta dage cewa ya tuba ya shirya da coci kafin ya mutu. Watanni matan suka yi suna karanta addu'a da murya ƙasa-ƙasa, ita kuwa ta rubuta wa limaman doguwar wasiƙa tana cewa waƙa tunawa ce da muryar da Adamu yake da ita kafin faɗuwarsa, kuma masu hana ta ba bisa hujja ba su yi hattara. A watan Maris na 1179 aka ɗage takunkumin, wata shida kafin rasuwarta. Macen da ta yi wannan faɗa ita ce ta kwatanta kanta da gashin tsuntsu da numfashin Allah ke ɗauka, kwatancin da aka ciro sunan faifan daga gare shi, kuma yana da kyau mai saurare ya riƙe fuskokin nan biyu tare.

Ta fuskar naɗin sauti ba ni da abin cewa sai yabo. Amon ɗakin cocin yana nan, amma bai haɗiye kalmomin ba, kuma duk da shekarun da aka ɗauka ba a jin tsufa a sautin. Wannan ya bambanta shi da wasu faya-fayan da suka biyo baya a shekarun 1990, waɗanda suka ɗora waƙoƙin Hildegard a kan ganguna da kiɗan na'ura har baitocin suka ɓace. Tun 2023 ana samun kayan Hyperion a manhajojin sauraron waƙa ta intanet, amma wanda ya bi ta nan sai ya nemi baitocin da fassararsu daban, alhali faifan hannu yana zuwa da ɗan littafi mai ɗauke da Latinancin da fassarar Turanci. Saboda wannan ɗan littafi nake ganin faifan hannu ya fi.

Waƙoƙin Hildegard da suka iso gare mu sun kai kusan 77, ban da wasan waƙa na Ordo Virtutum, kuma mafi cikar tarinsu yana cikin katafaren littafin da ke ajiye a Wiesbaden, wanda nauyinsa ya kai kusan kilo 15 kuma ya tsira duk da rushe Rupertsberg da aka yi a 1632 lokacin Yaƙin Shekara Talatin. Takwas ɗin da Page ya zaɓa daga dogayen waƙoƙin yabo ne, bai taɓa gajerun da ake rerawa kafin Zabura da bayanta ba, waɗanda su ne suka fi kusa da ibadar yau da kullum ta gidan. Mai son jin waɗannan sai ya nemi aikin ƙungiyar Sequentia, wadda Barbara Thornton da Benjamin Bagby suka kafa a 1977, wadda kuma ta naɗi waƙoƙin Hildegard gaba ɗaya a jerin faya-fayai da ta fara a 1982.