Kafin ku biya dala: zaɓen rumbun mujallu na intanet ga laburaren asibiti ko makarantar jinya a Legas

A nan Legas da zarar an ji tawagar tantancewa na tafe, ko ta hukumar jami'o'i NUC ce ko ta likitoci MDCN ko hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma, sai manya su tuna ashe akwai laburare, a kira mai kula da shi a ce maza a sayi rumbun mujallu na intanet kafin baƙi su iso. Dillalai ma sun san lokacin, sai ka ga takardun farashi na ta shigowa. Toh ni dai shawarata ga 'yan uwa masu wannan aiki, musamman na makarantu da asibitocin da ba sa samun tallafin TETFund tunda shi na makarantun gwamnati ne kawai, kada ku sa hannu a kan komai sai kun gama tatsar abin da yake kyauta ko mai araha. Kayan nan da dala ake sa musu farashi. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, kun ga kasafin da ya ishe ku a da yanzu ko rabi ba zai kai ba.

PubMed shi ne farko, na laburaren likitanci na ƙasar Amurka ne kuma ba a biyan ko sisi, akwai bayanan maƙaloli sama da miliyan 35 a ciki. Inda ɗalibai ke yin tuntuɓe shi ne yawancin abin da yake nunawa taƙaitawa ce kawai, yarinya ta danna tana murna sai shafin mawallafi ya ce ta kawo dala kafin ta karanta, sai ta rufe ta ce laburaren nan ba komai a ciki. Ku nuna musu wurin tacewa a gefen hagu wanda ke fito da masu cikakken rubutu kyauta, da kuma PubMed Central da aka buɗe a 2000, shi duk abin da ke cikinsa ana karantawa daga farko har ƙarshe. Sai AJOL, rumbun mujallun Afirka, wanda gaskiya muna raina shi ba gaira ba dalili, alhali wanda ke rubutu kan zazzaɓin Lassa ko sikila ko mutuwar mata wajen haihuwa a nan zai fi samun binciken da aka yi a kan mutanenmu. Nigerian Postgraduate Medical Journal ta kwalejin horar da ƙwararrun likitoci da ke Ijanikin nan Legas ana karanta ta kyauta, haka Annals of African Medicine ta Sakkwato. DOAJ kuma, jerin mujallun da ake karantawa kyauta waɗanda aka tantance, ku riƙe shi don duba mujalla kafin malami ya tura mata kuɗi, saboda mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga komai sun yi yawa.

Hinari kuwa, shirin da ke buɗe wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallun lafiya, wallahi duk laburaren lafiya da ya cancanta bai yi rajista ba ya cuci masu karatunsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fara shi a 2002 tare da manyan mawallafa, yanzu yana ƙarƙashin Research4Life tare da 'yan uwansa na wasu fannoni, AGORA da OARE da ARDI da GOALI, rajista ɗaya ke buɗe su duka. Ƙasashe rukuni biyu ne, rukunin A kyauta, rukunin B dala 1,500 a shekara ga cibiya gaba ɗaya ba mutum ɗaya ba, kuma ana sabunta jerin ƙasashen don haka ku duba shafinsu kafin ku rubuta kasafi. Ko da biyan ne ya kama ku, wannan kuɗin a wasu fannoni ko mujalla ɗaya ta waje ba zai saya muku a shekara ba. Amma akwai abubuwa da dillali ba zai tsaya yi muku bayani ba tunda ba kayansa ba ne. An yi shi ne don cibiyoyin da ba na neman riba ba, jami'o'i, asibitocin koyarwa, cibiyoyin bincike, makarantun koyon aikin lafiya. Sannan mawallafi yana da damar hana wata ƙasa wasu mujallunsa, ganin suna a jeri ba ya nufin za ta buɗe muku, sai kun gwada ɗaya bayan ɗaya. Don Allah kuma kada a jefa fasuwod ɗin a gurup na WhatsApp, yau ɗalibinku ya tura wa abokinsa a Kano gobe ya isa wata ƙasa, in suka lura sai su rufe asusun, kowa ya rasa.

In an zo kan na kuɗi, tambayar da nake fara yi ita ce wa zai karanta. Likitan da ke zagayen wodi ba shi da lokacin karanta maƙala mai shafi goma sha biyar, amsa yake so yanzu-yanzu a wayarsa, shi UpToDate na Wolters Kluwer ko DynaMed na EBSCO ko BMJ Best Practice ne nasa. UpToDate ya fi suna a wajen likitocinmu kuma bayaninsa dogo ne mai zurfi, DynaMed a taƙaice yake jera abu, BMJ kuma yana bin mara lafiya mataki-mataki daga gano cuta zuwa magani. Guda ɗaya ya isa, sayen biyu asara ce. Ku tuna dai an rubuta su ne da tunanin asibitocin Amurka da Ingila, wani maganin da za su ambata ko a kasuwar magani ta Idumota ba za ka same shi ba, dole a ajiye ƙa'idojin jinya na ma'aikatar lafiya ta tarayya da na hukumar daƙile cututtuka NCDC a kusa. Akwai ma shirin Better Evidence na Ariadne Labs da ke ba ma'aikatan lafiya a wuraren da ba hali UpToDate kyauta in sun nema sun cancanta, likitocinku su gwada kafin a taɓa asusun asibiti.

Ɗalibi shi littafi yake nema. ClinicalKey na Elsevier da AccessMedicine na McGraw Hill nan suka fi ƙarfi. Makarantar jinya kuma CINAHL, rumbun mujallun jinya, amma a kula, kala-kala ne, akwai wanda jerin sunayen maƙaloli ne kawai akwai mai cikakken rubutu, kuma wasu mujallun a ciki sai sun shekara da fitowa sannan sabon bugu ya buɗe. Scopus da Embase kuwa na manyan masu bincike ne, su nuna maka inda maƙala take suke yi ba ba ka ita ba, ƙaramar makaranta in ta saye su don burge baƙi ta yi ado ne da kuɗin abinci.

Wani abin da nake ganin ya fi duk waɗannan muhimmanci a Legas shi ne ta ina za a shiga. In lasisin ya ce sai a kan intanet ɗin harabar makaranta, to ku yi tunanin ɗalibar da ke zaune a Agege ko Mile 12, ta fito tun asuba, awa biyu tana cikin danfo a go-sulo na hanyar Ikorodu, waya a hannu da sauran 'yar data, wannan lokacin shi ne lokacin karatunta. In ba za ta iya shiga daga nan ba kun saya wa kujerun laburare ne. EZproxy da OpenAthens da MyLOFT aikinsu ke nan, su ba kowa nasa sunan shiga daga ko'ina, kuma su ma kuɗi ne, a sa su a lissafi tun farko. Ga wuta, tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar 'yan Band A naira 225 kan kowane yunit, barin ɗaki cike da kwamfutoci da AC a kunne ba wasa ba ne. Ni da a ce in zaɓa tsakanin rumbu na biyu da inbata da sola da wayafai mai ƙarfi, inbata da sola da wayafai zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

Wajen ciniki ku nemi gwaji na wata guda, amma lokacin da ɗalibai ke makaranta ba lokacin hutu ba. Ku ce a ba ku rahoton COUNTER, shi ke nuna sau nawa aka buɗe ko aka sauke abu, sai ku raba farashin da wannan adadin ku ga nawa kowace maƙala ta tsaya muku, wani lokacin lambar kaɗai ta isa ta sa shugaba ya canza ra'ayi. A tambaya mutum nawa ke iya buɗe littafi ɗaya a lokaci guda, manhajar waya na aiki in netwok ya ɗauke, sannan in kun daina biya shekarun da kuka biya a baya za su zauna muku ko sun tafi ke nan. In akwai makarantu biyu uku da za ku haɗu ku yi ciniki tare, farashi na sauka. A rubuta a takarda ko da naira za a biya ko da dala kuma a wane farashi, a duba ko yarjejeniyar na sabunta kanta da kanta. Ranar ƙarewar kowane rumbu kuma a manna ta a bangon ofis, tun saura wata uku a fara bin takardun biya daga ofishin akanta zuwa banki, don tura dala waje na ɗaukar lokaci, kada a yanke muku ana tsakiyar rubuta furojet.