Gargaɗi: ku kiyayi mai tallar dayis ɗin da wai ba ya buƙatar mai

Jama'a masu sake cika harsashin raifil da hannunsu, dan Allah ku tsaya ku karanta wannan kafin ku tura wa wani kuɗi. Akwai wani mutum da yake ta yawo a intanet yana canja suna kamar hawainiya, yana tallar dayis, wato ƙarfen da ake tura kwanson harsashin da aka riga aka harba a ciki don a matse shi ya koma girmansa, wai na kabayid ne, wani ƙarfe mai tsananin tauri, wai da shi ka rabu da shafa mai har abada ko da harsashin .308 Winchester ne ko .223 Remington. Ni na faɗa hannunsa, kuma wallahi kwaɗayin sauƙi ne ya ja ni, don duk wanda ya taɓa zama yana shafa wa kwanso ɗari biyu mai ɗaya bayan ɗaya ya san irin gajiyar.

To ga inda ƙaryar take. Kabayid da ba ya son mai gaskiya ne akwai shi, amma na kwanson fistol ne mai miƙaƙƙen jiki irin .38 Special ko .45 ACP, wani ɗan zobe ne kawai a bakin dayis ɗin yake goga tagullar ya wuce. Kwanson raifil kuwa yana da kafaɗa da wuya, jikinsa gaba ɗaya ne yake manne da bangon dayis a lokaci guda, shi ya sa ko kamfanonin da suke yin na kabayid na gaske don raifil sai sun rubuta maka cewa dole ka sa mai. Na san wannan fa, amma mutumin ya iya baki, ya ce min sabuwar fasaha ce, ni kuma na haɗiye.

Kaya suka zo a kwali mai tambarin wani sanannen kamfani, rubutun a karkace, launin ma ya koɗe. Tiredin dayis ɗin, wato zaren da ake murɗa shi da shi, ya kamata ya zama 7/8-14 kamar yadda kusan kowane dayis yake, amma da ƙyar ya shiga injin matsawa, yana cijewa. Nan ya kamata in tsaya, ban tsaya ba. Kwanso na uku ya shige ya ƙi fitowa, na ja hannun injin da ƙarfi sai gefen gindin ya yage, ya bar min tagulla a cushe ciki, sai da na huda gindin da diril na yanka masa tiredi na zaro shi da kusa. Da na haska cikin dayis ɗin da tocila sai ga zane-zane duk ba a goge shi ba, ƙarfe ne kawai mai taushi, babu wani kabayid.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne guda biyun farko da suka fita lafiya. Na sa su a ma'aunin kwanso, sai na ga dayis ɗin ya danne kafaɗar ta wuce ƙa'ida sosai. Masu bindigar da ake ja da hannu yawanci inci 0.002 kawai suke mayar da kafaɗa baya, in ya yi yawa kwanso yana samun wurin miƙewa a cikin bindiga, tagullar ta sirance kusa da gindi, wata rana ta rabe biyu iskar wuta ta dawo maka fuska. Akwai dalilin da ya sa ƙungiyar SAAMI a Amurka tun 1926, da hukumar CIP a Turai, suke fitar da ma'aunin kowane harsashi, shi wannan bawan Allah ko zanen ma'aunin bai taɓa gani ba ina ga.

Da na koma masa da ƙorafi bai ji kunya ba, sai ya ce ai laifina ne, in sayi wani mansa na musamman. Wani abokina ya riga ya saya, kwalba ba suna ba komai, warin man inji kawai take yi. Irin wannan in ya taɓa albarushi ko hular da ke tayar da wuta yana iya kashe su. Mai na gaske ba ɓoyayye ba ne, akwai Imperial na Redding mai kamar kakin zuma da ake shafawa da yatsa, akwai One Shot na Hornady da ake fesawa a jira ya bushe, wasu ma lanolin, wato man da ake samu a gashin tumaki, suke haɗawa da alkohol. Kaɗan ake sawa a jiki da cikin wuya, in ka lafta a kafaɗa kuma sai ta lotsa.

Yadda za ku gane shi, hotunansa duk na sata ne daga shafukan kamfanoni, in ka ce ya ɗauki kayan kusa da takarda mai kwanan watan yau sai ya fara kame-kame, kullum saura guda biyu ne, kuma ba ya karɓar kuɗi sai ta katin kyauta ko kirifto ko hanyar tura wa 'yan uwa ta PayPal wadda ba a dawo da kuɗi in an cuce ka. Ni ta nan na biya. Yanzu ya toshe ni, jiya kuma na gan shi da sabon suna da hotunan nan dai, har da na kwalbar man.